Masu Bandiri da Kuɗin Jama'a

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, kowace shekara idan hidimar Mauludi ta lafa, watan Rabi'us Sani ya gabato, akwai wata zirga-zirga da kan tashi a garuruwan kudancin Kano, tun daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa. Masu buga bandiri na zawiyoyin Ƙadiriyya su kan shiga kasuwa rumfa rumfa, su kan tsaya a zaurukan attajirai, suna neman abin da za su gyara kayan bugunsu, su kuma biya motar da za ta kai su Maukibi a birnin Kano. Wani ya ba su da daɗin rai, wani ya ba su don kunya, wani ya kau da kai. Bayan an dawo kuwa, sau da yawa ba mai jin labarin abin da aka tara ko inda ya shiga, sai wata shekara a sake fitowa. Wannan al'amari ya isa a zauna a duba shi, domin ya haɗa abubuwa biyu masu nauyi, watau dukiyar mutane da sunan addini.

Ya kamata a fara da sanin ko su wane ne waɗannan mutane. Makaɗan fada, masu tambari da kakaki da algaita, gadon sana'arsu suka yi, da ita suke ci, kuma suna da ubangida wanda ke ɗauke da nauyinsu. Masu bandirin zawiya kuwa manoma ne, da teloli, da masu awo, da 'yan acaɓa, da ɗaliban ilmi. Da rana kowa yana wajen nemansa, da dare su taru su yi zikiri da bege, su koya wa na baya. Ba su da albashi, ba su da ubangida, abin da ke riƙe da su shi ne son Manzon Allah da son Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 561 bayan Hijira, daidai da 1166. Saboda haka duk abin da hidimarsu za ta ci, daga aljihunsu zai fito ko daga aljihun mutanen gari.

Shi bandiri ya shigo Kano ta hannun Larabawan Tarabulus da ke fatauci ta hamada, ya zauna a wasu masallatan cikin birni. Wanda ya fito da shi fili ya yaɗa shi ƙauye da birni shi ne Shehu Muhammadu Nasiru Kabara, wanda ya haɗa kan rassan Ƙadiriyya, ya kuma kafa Maukibi tun cikin shekarun 1950. Ya rasu a 1996, ɗansa Shehu Ƙaribullahi ya gaje shi a halifanci. A ranar Maukibi jama'a kan taso daga Gidan Ƙadiriyya da ke Kabara, kusa da fadar Sarki, ƙungiya ƙungiya, kowace da tutarta da masu bandirinta. Mutumin Riruwai ko Tagwaye da ya yi shekara yana koyon bugu, burinsa ke nan a ga tutar garinsu a cikin wannan sahu. Doguwa kuwa ita ce ƙarshen ƙasar Kano ta kudu, tana iyaka da ƙasar Kaduna da ta Bauchi, saboda haka tafiyarsu ta fi ta kowa nisa, kuɗin motarsu ya fi na kowa yawa.

Ba a ɓoye yake ba cewa malamai sun saɓa a kan bandiri. Malaman Ƙadiriyya suna da hujjojinsu na halasci, wasu malamai kuwa suna ganin barinsa ya fi, musamman a cikin masallaci, kuma saɓanin ya ƙara fitowa fili tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Wannan mas'ala ta ma'abota ilmi ce, a zaure da gaban littafi ake warware ta. Abin da ya shafi kasuwa shi ne hukuncin da ke biyo bayan saɓanin: wanda ya ga halasci ya bayar, ladansa yana ga Allah bisa niyyarsa, wanda bai gani ba kuwa kada a tsaya masa a ƙofar rumfa ana bugu har kunya ta sa ya miƙa. Dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da yardar ransa, kuma abin da aka karɓa da kunya bai yi nisa da abin da aka karɓa da ƙarfi ba. Haka nan wanda bai bayar ba, ba shi da ikon zagin wanda ya bayar. Kasuwa ɗaya ake ci, maƙabarta ɗaya ake kai kowa.

To, mene ne ke cin kuɗin? Shi bandiri katako ne da aka lanƙwasa aka ɗaura masa fatar akuya. Fata tana tsufa, tana tsagewa, da damina kuwa ta kan saki saboda laima, sai an gasa ta a bakin wuta kafin ta yi amo, kuma yawan gashi yana rage mata kwana. Akwai tuta, akwai tufafi iri ɗaya na yara, akwai lasifika da batirinta, akwai littattafan ƙasidu. Amma babban abin da ke karya ƙungiya shi ne mota da abincin tafiya. Tun da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya ninka, har abin da ya ishi ƙungiya zuwa da dawowa a da ya zama bai kai ta Kwanar Ɗangora ba. Daga nan ne ake fara lodin da ya wuce ƙima, a cusa yara a bayan babbar mota kamar buhuna, a ratsa Dajin Falgore da dare don a rage kwana, alhali matafiya sun daɗe suna tsoron wannan hanya bayan faɗuwar rana. Ran yaro ɗaya ya fi Maukibi goma, kuma iyayen da suka ba da 'ya'yansu amana suka bayar.

Akwai kuma wata matsala da ke tafe wadda mutane da yawa ba su lura da ita ba. Maukibi da watan sama yake tafiya, shekarar wata kuwa ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka. A 'yan shekarun baya watan Rabi'us Sani yana faɗowa cikin kaka, lokacin da masarar Doguwa ta shigo gida, shinkafar Tudun Wada tana kan shanya, hannun kowa da ɗan maiƙo. A 2025 watan ya kama a ƙarshen Satumba. Wajen shekarar 2030 zai riƙa kamawa a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin manomi duk ya tafi ga taki da ƙwadago, ɗan kasuwa kuma yana bin bashi ba a biya. Wanda ya saba fita neman taimako mako biyu kafin tafiya zai iske ƙofofi a rufe, ba don rowa ba, sai don babu. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake da irin wannan hidima ba, kuma akwai abin koyi a wurin waɗansu. A ƙasar Senegal almajiran Shehu Ahmadu Bamba suna taruwa a garin Tuba ranar 18 ga watan Safar kowace shekara, don tunawa da fitar da shi da Faransawa suka yi zuwa Gabon a 1895. Suna da da'irori a kowane gari, har a biranen Turai da Amurka inda fatakensu suke, kuma a cikin da'irorin akwai masu rera ƙasidun Shehinsu. Kowane ɗan da'ira yana zuba ɗan abin da aka yanka masa a kai a kai, duk tsawon shekara, saboda haka ranar tafiya ba ta iske su suna yawon roƙo. A tsibirin Zanzibar kuma akwai wata ƙungiyar makaɗa mai suna Ikhwanus Safa, wadda aka kafa a 1905, ta mutanen da kowa yana da sana'arsa, ta kuma haye shekara ɗari tana tsaye. Irin kiɗansu daban ne da bandiri, hukuncinsa kuma daban, amma darasin riƙon ƙungiya ɗaya ne: abin da ya dogara ga zubin 'ya'yansa yana daɗewa, abin da ya dogara ga kyautar mutum ɗaya yana mutuwa ranar da mutumin ya mutu ko ya yi fushi.

Mutanen wannan yanki ma ba sai sun je nesa ba. Alhaji Alhasan Ɗantata a Bebeji aka haife shi a 1877, a nan ya yi karatun allo, mahaifinsa ya rasu yana yaro. Ana ba da labarin asusun da ya riƙa jefa ɗan abin da ya samu tun yana almajiri. Daga nan ya shiga fataucin goro na Gwanja, ya koma sayen gyaɗa, har ana ba da labarin raƙuma ashirin na kuɗin azurfa da ya kai banki a Kano a 1929. Ya rasu a 1955. Da yayyafi kogi kan cika, kuma ƙasar da ta haifi wannan mutum bai kamata a koya mata tanadi ba.

Saboda haka ga shawara, ana miƙa ta ga muƙaddamai da shugabannin zawiyoyi.

Na farko, 'yan ƙungiya su fara da kansu. A yanka wa kowa zubi na mako, ƙanƙane yadda ɗan acaɓa da mai facin taya za su iya, a karɓa daren da ake taruwa. Wanda ya je gaban attajiri ya ce ga abin da suka tara da guminsu, ga abin da ya rage, ya fi samun fuska bisa wanda ya je hannu wofi.

Na biyu, a mai da neman taimako zuwa kaka, ko da wane wata Maukibi ya faɗa. Manomi ba ya jin zafin tiya ɗaya ta masara ranar da yake sussuka, amma yana jin zafin naira ɗari biyar a watan Agusta. A tara hatsin, a sa magani, a ajiye a wurin amintacce. Inda aka sami mai ba da aron fili, a yi gonar gayya, samari su nome ta da safiya ɗaya a mako. Sai dai a yi hattara da abu biyu. Kada ajiyar ta zama ɓoye abinci ana jiran mutane su matsu, malamai sun san hukuncin wannan. Kuma kada a ɗauka farashi kullum hawa yake yi, domin a 2025 farashin masara da shinkafa ya faɗi, masu ajiya da yawa suka yi asara. Hanya mafi aminci ita ce a raba, a sayar da wani kaso da wuri a adana kuɗin, a bar wani kaso don abincin tafiya.

Na uku, kada a taɓa zakka. Allah Maɗaukakin Sarki Shi da kanSa Ya ƙididdige kashi takwas na masu cin zakka a cikin Suratut Tauba, fatar bandiri da kuɗin mota ba sa ciki. Manomin da ya ba ƙungiya buhu ya lissafa shi cikin zakkar gonarsa, zakka tana nan a wuyansa, kuma an cinye haƙƙin matalauci. In ɗan ƙungiya matalauci ne, a ba shi don talaucinsa, ya yi abin da ya ga dama da ita. Haka kuma kuɗin gyaran masallaci da na makarantar allo, kowane da niyyar da aka bayar da shi, ba a ara daga wannan a zuba a wancan.

Na huɗu, a rubuta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma kowane gardi ya san wurinta a allo. Abin mamaki ne a ce mutanen da suka haddace ta su ne ke tara kuɗin jama'a a aljihun riga. Ba a bukatar akawu mai takardar makaranta, ajami ya isa, da shi fataken goro suka riƙe lissafinsu tun kafin zuwan Turawa. A naɗa mutum uku: ma'aji mai riƙe kuɗi, magatakarda mai riƙe littafi, da wani dattijo daga cikin 'yan kasuwa wanda ba ɗan ƙungiya ba, yana duba su biyun. Muƙaddami ya tsame hannunsa daga kuɗi, domin wannan ya fi tsare masa mutunci. In an buɗe ajiya a banki, ta zama da sunan jama'a, ba a fitar da komai sai da sa hannun mutum biyu. Abin da ake turowa ta waya daga 'yan garin da ke Legas ko Fatakwal ko Makka, kada ya faɗa cikin ajiyar mutum ɗaya, domin kuɗin da ya gauraya da na cefane ba ya fitowa cikakke, ko da mai shi waliyyi ne. Bayan an dawo daga Maukibi, a tara mutane a karanta lissafi a fili, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Wanda ya ji inda tiyarsa ta shiga, baɗi zai ba da biyu.

Na biyar, kayan ƙungiya su zama hubusi. Mazhabar Imamu Malik ta halatta hubusin abin da ake ɗauka, kamar littafi da dabba da kayan aiki, kuma Jihar Kano ta kafa hukumar zakka da hubusi tun 2003. Sau nawa aka ga ƙungiya ta rabu biyu, wannan ya ce lasifika tasa ce don shi ya roƙo ta, wancan ya kwashe bandirai ya kai gidansa? In attajiri ya sayi kaya, a rubuta a gaban shaidu cewa ya tsayar da su ga zawiya kaza, ba a sayarwa, ba a gado, ba a kai su jingina. Wanda ya fita, ya fita da rigarsa kaɗai.

Na shida, a kiyayi kuɗin 'yan siyasa da liƙi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mai neman kujera da ya biya mota bana, baɗi zai nemi a kai masa bandiri filin taronsa, a sa sunansa inda ake sa sunan waliyyai. Dattawa ba su manta da yadda siyasar NEPU da NPC ta shiga tsakanin wa da ƙane a shekarun 1950 ba. In ɗan siyasa ya bayar, ya bayar kamar kowa, a rubuta shi a layi ɗaya da mai sayar da ƙuli-ƙuli, kada a buga hotonsa a tuta. Liƙi kuwa, ban da kasancewarsa ƙofar riya, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana watsa takardun naira da tattaka su, ta kuma yanka ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyu. A ajiye akwati mai kulle a gefe, mai bayarwa ya sa a asirce.

Wannan duk ɓangaren karɓa ne. Saura ɓangaren bayarwa, domin ƙungiyar da gari ba ya ganinta sai ranar neman kuɗi, gari zai gaji da ita. Samari talatin masu jin maganar shugaba ɗaya dukiya ce babba a ƙauye. Su ne ya kamata a fara gani ranar sharar maƙabarta, da haƙar kabari, da gyaran katangar makarantar allo da ruwa ya ci, da noman gonar gwauruwa da marayu. In an yi walimar saukar Alƙur'ani a gidan talaka, su je masa kamar yadda za su je wa attajiri, ba tare da an yi cinikin ko sisi ba. Yaran da ake koya wa bugu, a sa musu sharaɗin karatu, wanda bai biya allonsa ba kada ya taɓa bandiri a daren nan, a kuma koya musu ma'anar abin da suke rerawa, don kada baki ya haddace zuciya tana wofi. Ta haka uban da ke tsoron ɗansa ya faɗa shaye-shaye zai kawo shi da hannunsa.

Haƙƙin maƙwabci kuma yana cikin wannan. Lasifikar da ake juya bakinta cikin gari har ƙarfe biyun dare tana hana majinyaci barci, tana hana mai tashi tahajjudi natsuwa, tana kuma jawo wa ɗariƙa baƙin jinin da wa'azin masu suka bai jawo mata ba. Ƙasar Doguwa da Tudun Wada ƙasa ce ta Hausawa da Fulani da Kurama, akwai Musulmi, akwai Kirista, kowa da haƙƙinsa na maƙwabtaka. A sa lokacin tashi, a rage amo, a nemi iznin mai unguwa kafin a tare hanya. Kuma garuruwan nan huɗu hanya ɗaya ta ɗinke su, saboda haka babu abin da zai hana ƙungiyoyinsu su haɗa ciniki ɗaya da masu mota, su tashi da hantsi a jere, su sami rangwame da tsaro a lokaci guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Su kuma attajirai da 'yan kasuwa, taimakon da ya fi kuɗi shi ne tambaya. Wanda aka zo wa, ya ce a nuna masa littafin bara. In an nuna, ya bayar gwargwadon hali, in babu, ya ce a je a buɗe littafi a dawo. Wannan ba wulaƙanci ba ne, haka yake yi wa yaron shagonsa da yake ƙauna. Malamai kuwa, na kowane ɓangare, su ne za su faɗa wa mutane bambancin zakka da sadaka, da hukuncin hubusi, da nauyin amana, domin waɗannan babu saɓani a cikinsu. Mai ganin halascin bandiri da mai ganin barinsa duk sun haɗu a kan cewa kwabon jama'a abin tambaya ne ranar Lahira.

Kaka mai zuwa ita ce lokacin farawa. Ƙungiyar da ta buɗe littafinta, ta naɗa mutanenta uku, ta auna tiyarta tun hatsi yana masussuka, ita ce za a gani a sahu sa'ad da Maukibi ya koma cikin ruwa.

Allah Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, Ya sa albarka a dukiyar masu bayarwa, Ya kai matafiya lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya haɗa kan Musulmi a kan gaskiya. Amin. Wassalamu.